Ikilisiyar Firesbiteriya Mai Zaman Kanta ta Brazil

Ikilisiyar Firesbiteriya Mai Zaman Kanta ta Brazil ɗariƙa ce ta Kiristoci 'yan Furotesta da aka kafa a birnin Sao Paulo ranar 31 ga Yuli, 1903, bayan wasu fastoci da dattawa sun fice daga babbar Ikilisiyar Firesbiteriya ta ƙasar. Sunan Firesbiteriya ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar dattijo, domin dattawa zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ragamar ikilisiya. “Zaman kai” kuwa yana nufin 'yanci daga hannun hukumomin mishan na Amurka.

Tarihi

Ashbel Green Simonton, ɗan mishan Ba'amurke, shi ya kai ɗariƙar Firesbiteriya Brazil. Ya sauka Rio de Janeiro a watan Agusta na 1859, ya kafa ikilisiya ta farko a 1862, ya rasu a 1867. Aikin ya bunƙasa har aka kafa majalisar ƙasa a 1888, amma kuɗi da makarantu da yawancin manyan shawarwari suna hannun 'yan mishan.

Wanda ya fi kowa nuna rashin gamsuwa da haka shi ne Eduardo Carlos Pereira (1855–1923), faston ikilisiya ta farko ta Sao Paulo, kuma masanin nahawun Fotugis da makarantun ƙasar suka daɗe suna karanta littattafansa. A 1893 ya kafa jaridar O Estandarte tare da abokansa. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ilimi: yana so ikilisiya ta horar da fastocinta da 'ya'yanta da kanta, alhali 'yan mishan sun karkata ga kwalejin Mackenzie da ke ƙarƙashin kulawar Amurkawa.

Daga wajen 1898 sai wata takaddama ta kunno kai, a kan ko Kirista mai bi zai iya zama ɗan ƙungiyar asiri ta Firimason. Maganar tana da nauyi, domin fastoci da 'yan mishan da dama suna cikinta, kuma 'yan ƙungiyar sun sha kare 'yan Furotesta a zamanin da cocin Katolika ke addinin hukuma. Pereira da mutanensa sun tsaya kan cewa rantsuwa da addu'o'in ƙungiyar ba su jitu da bishara ba. A 1902 suka fitar da buƙatu biyar: cikakken 'yancin ikilisiya, fitar 'yan mishan daga majalisun gundumomi (inda ikilisiyoyin yanki ɗaya ke haɗuwa), sanarwar cewa Firimason ta saɓa wa bishara, damƙa aikin wa'azi ga gundumomi, da tarbiyyar yara a hannun ikilisiya. Majalisar 1903 ba ta amince ba, sai fastoci bakwai da wasu dattawa suka tashi suka fita. Sabuwar ikilisiyar ta fara ba ta da ko sisin taimako daga waje, da baikon membobi kaɗai ta riƙe kanta, abin da mabiyanta ke tunawa da shi kowace ranar 31 ga Yuli.

Ita ma ta fuskanci rabuwa. A 1940 masu ra'ayin riƙau sun fice bayan saɓani kan koyarwar azaba ta har abada, a farkon shekarun 1970 kuma wasu suka fice suka bi tafarkin Fentikos, mai ba da ƙarfi ga baye-bayen Ruhu Mai Tsarki.

Aƙida

Littafi Mai Tsarki shi ne ma'aunin bangaskiya da rayuwa. Bayansa ikilisiyar tana riƙe da Shaidar Bangaskiya ta Westminster da littattafan tambaya da amsa guda biyu, babba da ƙarami, waɗanda aka rubuta a Landan a shekarun 1640 bisa koyarwar John Calvin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko. Tana koyar da Triniti (Allah ɗaya: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), da ikon mallakar Allah bisa kome, da ceto ta wurin alheri da bangaskiya cikin Yesu Almasihu. Farillai biyu take kiyayewa: baftisma da Jibin Ubangiji.

Tsarin mulki

Babu bishop a wannan tsari, kuma ba a barin hukunci a hannun mutum ɗaya. Kowace ikilisiya tana zaɓen dattawanta, su kuma tare da fasto su zama majalisar da ke karɓar membobi, da kula da sujada, da yin horo. Ikilisiyoyin yanki ɗaya suna haɗuwa a majalisar gunduma, wadda ke jarraba masu neman aikin fasto ta naɗa su. Gundumomi suna haɗuwa a majalisar shiyya, a sama kuma akwai Babban Taro na ƙasa. A zauren majalisa ƙuri'ar dattijo, ko manomi ne ko ɗan kasuwa, daidai take da ta fasto. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa majalisa ta gaba.

Dikononi ne ke ɗauke da hidimar marasa lafiya da mabukata. Tun ƙarshen shekarun 1990 ana naɗa mata fastoci da dattawa, kuma a nan ta sha bamban da ikilisiyar da ta fito daga cikinta.

Zama memba

Membobi iri biyu ne. Akwai waɗanda suka furta bangaskiyarsu a gaban jama'a bayan karatun shiri da ganawa da majalisar dattawa. Su ne ke jefa ƙuri'a a taron ikilisiya, kuma daga cikinsu ake zaɓen shugabanni. Akwai kuma 'ya'yan masu bi da aka yi wa baftisma tun suna ƙanana, waɗanda ake lissafawa cikin ikilisiya har su girma su yi furci da bakinsu. Wanda ya ƙaura yakan tafi da takardar shaida zuwa sabuwar ikilisiyarsa.

Dangantaka da sauran ikilisiyoyi

Memba ce a ƙungiyar ikilisiyoyin Gyara ta duniya, wato masu bin tafarkin Calvin. Hedikwatarta tana Sao Paulo, kuma har yanzu O Estandarte ce jaridarta.