Ma'anar ukiyo-e, bugun katako na mutanen Japan

Da wuya a ce mai riƙe da wayar hannu bai taɓa cin karo da wannan hoton ba, ko da bai san sunansa ba: wata gagarumar igiyar ruwa shuɗiya ta miƙe ta buɗe farata za ta cafke kwale-kwale uku, can nesa kuma ga wani ɗan tsauni mai farin kai. Ana buga shi a jikin riguna da murfin waya, kuma tun watan Yulin 2024 yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000. Babbar Igiyar Kanagawa ke nan, aikin Katsushika Hokusai na wajen shekarar 1831. Irin wannan sana'ar ita ake kira ukiyo-e.

Kalmar Japananci ce mai gaɓa uku. Uki na nufin abin da ke shawagi a kan ruwa, yo duniya, e kuma hoto. Da can, a bakin mabiya addinin Buddha, ukiyo na nufin duniyar wahala wadda ba ta da tabbas, kusan abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce duniya rumfar kara. A ƙarni na 17 sai mutanen birnin Edo, wato Tokyo ta yau, suka juya kalmar: tunda ba ta dawwama, a more ta kafin ta wuce. Shi ya sa hotunan farko suka cika da 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, da 'yan kokawar sumo, da kyawawan matan unguwannin shaƙatawa. Hotunan tsaunuka da koguna daga baya suka yi tashe, a hannun Hokusai da Utagawa Hiroshige.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne yadda ake yin su, domin hannun Hokusai bai taɓa takardar da muke kallo ba. Shi dai ya zana layukan da tawada a kan siririyar takarda, ya miƙa. Masassaƙi ya karɓa ya kifa ta a kan katakon iccen ceri, ya liƙe, sannan ya bi da wuƙa yana ƙwaƙule duk inda ba layi, har abin da ya rage a tsaye ya zama zanen kansa. A nan takardar mai zane take ƙarewa, wuƙa ta cinye ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu yanka hatimi a bakin kasuwa ya ga yadda suke sassaƙa suna a juye don ya fito daidai, to ya san tushen abin. Sai dai a nan ana sassaƙa silin gashin mace ne ɗaya bayan ɗaya, da ɗigon kumfar teku, kuma idan wuƙa ta zarce, gyara sai an cusa sabon guntun katako an sake farawa a wurin.

Kowane launi kuma da nasa katakon. Tun daga 1765, lokacin da Suzuki Harunobu ya yi fice da hotuna masu launi da yawa, takarda guda kan hau katako goma ko fiye. Mai bugu zai shafa launi da ɗan sitacin shinkafa da buroshi, ya ɗora takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, wanda suke kira baren. Babu inji, ƙarfin kafaɗa ne kawai. Abin da ke hana launuka kaucewa daga gurbinsu ƙananan alamu ne biyu da ake yankawa a gefen kowane katako, kento, inda ake jingina kusurwa da gefen takarda. Akwai kuma ɗan kasuwa mai ɗab'i, shi ke zuba jari ya kuma sayar. Sunan mai zane yana kan hoton, masassaƙi da mai bugu kuwa galibi ba a rubuta nasu, kuma wannan na ci mini rai, domin rabin kyan da muke yabo daga hannunsu ya fito.

Sanin haka yana sauya yadda mutum ke kallo. Babu wani hoto guda na asali da aka ajiye a wani gidan tarihi, sauran kuma kwafi. An buga Babbar Igiya dubbai, waɗanda suka rage yau sun ɗan haura ɗari, kowanne na asali ne, amma ba su yi daidai da juna ba. Bugun farko-farko layukansa siriri ne garau. Da katako ya sha murza sai layi ya fara tsinkewa, ya yi kauri. A wasu, gajimaren sama ya dushe saboda hasken rana ya ci launin. Shuɗin nan mai zurfi kuwa, wanda ake yi wa laƙabi da shuɗin Prussia, a Berlin aka fara haɗa shi, ta jiragen fatake ya isa Japan.

A zamaninsa hoton talaka ne, ana sayensa da kuɗin da bai wuce na 'yan kwanukan taliya ba. Bayan Japan ta buɗe ƙofarta ga cinikin waje a shekarun 1850, hotunan suka kwarara Turai, mai zanen Faransa Claude Monet ya tara su a gidansa na Giverny, mai zanen Holland Vincent van Gogh ya kwaikwayi biyu na Hiroshige da fenti a 1887. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon bugu ɗaya na Babbar Igiya a New York kan dala miliyan 2.76, takardar da faɗinta bai kai santimita 40 ba.

Wani abu kuma da zai zo wa Bahaushe da sauƙi: Japanawan wancan zamani daga dama suke fara karatu, kamar mai karanta ajami ko allo. Idan ka fara kallon hoton daga hagu, igiyar tana tafiya tare da idonka, kamar kana bayanta. Gwada farawa daga dama, daga inda masuntan suke kwance rub-da-ciki a kwale-kwalensu na kai kifi kasuwar Edo. Sai ka ga ruwan kanka ya nufo.