Ba Ƙarewar Iska Ce Ta Kashe Shi Ba

A Argungu, inda masunta ke nutso a kogin Matan Fada da numfashi guda, da an ji mai nutso ya mutu sai a ce iskarsa ce ta ƙare. A ruwa mai tsananin zurfi, sau da yawa ba haka ba ne.

Dave Shaw, mai nutso ɗan Ostireliya, ya rasu a 2005 a Boesmansgat, wani kogo mai cike da ruwa a Afirka ta Kudu, a zurfin mita 270, yana ƙoƙarin ɗauko gawar Deon Dreyer, wani mai nutso da ya mutu a can. Iska na nan a tukwanen da yake shaƙa daga cikinsu. Sai dai matsin ruwan ya sa ta yi kauri, shaƙarta kanta ta zama aiki. Yana fama da igiyar da ta harɗe, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jininsa, ya suma.