Idan Jif ɗin aiki ta fara zuƙar mai, a auna kafin a zargi direba

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, duk mai shiga ƙauyuka da mota a jihar Kebbi ya koyi lissafin lita. Masu rigakafi da ke bin rugage a Bagudo da Dandi, malaman gona da ke zagayen fadamun shinkafa na Argungu da Suru, masu kai magani Zuru da Sakaba, duk Prado ko Land Cruiser ko Hilux ce ƙafarsu. Kuma da wuya ka ga wadda aka bari yadda ta fito daga kamfani: an sa mata manyan tayoyi masu haƙora saboda taɓon damina, an ɗaga ta sama, an ɗaura mata ƙarfen kariya a gaba, an kafa kariyar kaya a kan rufi. Idan man da aka ware na wata guda ya fara ƙarewa a mako uku, ƙauyen da ke ƙarshen jadawali ne ke rasa ziyara, yaransa su rasa allura, manomansa su rasa shawara a lokacin shuka. Sai a ga ofis ya fara kallon direba da ido ɗaya, ko a garzaya gareji a canja nozul da famfon mai da kuɗi masu yawa. Duka biyun gaggawa ce, domin har zuwa lokacin babu wanda ya auna komai.

Allurar gejin mai ba ma'auni ba ce. Ga yadda ake aunawa. A cika tanki a gidan mai har famfo ya tsaya da kansa, kada a ƙara ko ɗigo bayan haka. A mayar da ƙaramar mitar tafiya zuwa sifili, a yi aiki kamar kullum, sannan a dawo wannan famfon dai a sake cikawa. Litocin da suka shiga a karo na biyu su ne abin da motar ta sha. A raba su da kilomitar da mita ta nuna, a ninka da 100. Idan lita 60 ta shiga, mita kuma ta nuna kilomita 450, motar na shan lita 13.3 a kowace kilomita 100. A maimaita sau uku, kuma a rubuta irin hanyar da aka bi kowane karo, domin kwaltar Jega zuwa Koko da yashin Arewa ba su cin mai iri ɗaya.

Kafin a yarda da wannan adadi, a duba lambar da ke jikin taya, domin a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ke jawo wa direba zargi a banza. Mita ba ta ganin hanya, juyawar taya take ƙirgawa, kuma an saita ta ne da girman tayar kamfani. Taya mai lamba 265/65 R17, wadda da yawa daga cikin waɗannan motoci ke zuwa da ita, tsayinta milimita 776 ne. Idan aka musanya ta da 285/70 R17, tsayin ya koma milimita 831, wato ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Kowane juyi ɗaya yana cin ƙasa fiye da da, amma mita ba ta san an canja ba. Inda ta nuna 450, ainihin tafiyar kilomita 481 ce, kuma shan man ya sauko daga 13.3 zuwa 12.5. Wani ɓangare na "ɓatan" man ke nan a takarda kawai yake. Wanda ke so ya tabbatar sai ya buɗe manhajar taswira a wayarsa, ya gwada nisan da ta nuna da wanda mita ta nuna a tafiya ɗaya.

Sauran kuwa gaskiya ne, kuma wani kaso daga ciki kuɗin gyaran da aka yi wa motar ne da babu makanikin da zai dawo da shi. Taya mai haƙora ta fi nauyi kuma ta fi riƙe ƙasa. Ƙarfen gaba tare da injin janyo mota kan kusanci nauyin buhun shinkafa biyu masu kilo 50. Motar da aka ɗaga, aka kuma ɗora mata jarkoki da safayar taya a kan rufi, kokawa take yi da iska, kuma wannan kokawar ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: daga gudun 90 zuwa 120, turjiyar iska ta kusa ninkawa. A ganina, kariyar rufi da babu kaya a kanta ya kamata a sauke ta idan an shiga rani, jarkoki kuma su koma cikin mota ko su zauna a ofis ranar da ba a buƙatarsu.

Amma idan motar ta daɗe da waɗannan kayan, sai daga baya ta fara ƙara sha, to akwai abin da ya lalace. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A auna iskar taya da safe kafin a motsa, da gejin kai, a gwada da takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba. Direbobi kan rage iska don ratsa yashi, wanda daidai ne, amma sai a hau kwalta a manta ba a tsaya wurin mai faci an mayar ba. Daga nan a duba giyar ƙafa huɗu. Hilux da tsofaffin Land Cruiser ba a yi su don tafiya a 4H kan kwalta ba: tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, a kwana sai su riƙa gogar ƙasa, sitiyari ya yi nauyi, mai ya tafi, taya ta cinye. Da an fito daga laka a koma 2H, wato giyar ƙafa biyu, kuma idan tayoyin gaba suna da makullin hannu a tsakiyarsu, a sauka a buɗe shi. Prado kullum da ƙafa huɗu take tafiya, ita abin dubawa shi ne kada fitilar makullin tsakiya, wanda ke ɗaure tayoyin gaba da na baya, ta zauna a kunne.

Birki ma yakan riƙe mota ba a sani ba, musamman bayan damina. Ruwa da laka na shiga kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faranti, su sa tsatsa, takalmin birki ya ƙi sakin faranti gaba ɗaya, ko wayar birkin hannu ta ƙage. A yi tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowane rim ba tare da an taɓa farantin ba. Wanda ya fi sauran zafi shi ne mai matsalar. A ɗaga shi da jak a juya da hannu. Idan ya yi tauri birki ne, idan yana gurnani boris ne. Taya mai cinyewa ta gefe ɗaya kuma alama ce ba a yi saitin ƙafa ba bayan an ɗaga motar.

Sai a buɗe gaba, kuma tambayar farko ga makanike ita ce: tamostat na nan? Al'ada ce a garejinmu, da zarar mota ta yi zafi sau ɗaya sai a cire shi a jefar, a ce wai na ƙasashen sanyi ne. Wannan kuskure ne mai tsada. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90 da ɗoriya, tamostat kuma shi ne ƙofar da ke tsare ruwa har injin ya kai wannan zafin. Idan babu shi, ruwa na zagayawa lagireto tun daga tashi, injin ya daɗe bai ɗumama ba, da asubahin hunturu ma ba zai kai ba sam. Kwamfutar motar na ganin sanyi, sai ta riƙa ƙara fetur kamar yanzu aka tayar. A motoci masu giyar otomatik da dama, tana ma jinkirta shiga giyar ƙarshe har sai injin ya yi ɗumi, injin ya yi ta kuka a banza. Abin da ya sa motar zafi tun farko yana nan ba a taɓa shi ba: lagireto da laka da ƙaiƙayi suka toshe, fitilun da aka jera a ƙarfen gaba suka tare iska, murfin lagireto da ya saki, fanka mai rauni, ko ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji har ya bar tsatsa da ɓawo a ciki. A gyara waɗannan, a mayar da tamostat.

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri. A ciro ta a ɗaga wa rana. Idan haske ba ya ratsawa a canja. Hura ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi na yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta zauna a kan sensar da ke auna iska, ita kuma ta fara ba kwamfuta labarin ƙarya. Wannan sensa da feshinta na musamman ake wanke ta, ba da fetur ba, ba kuma a goga ta da tsumma. Haka sensar da ke jikin salansa, wadda ke shinshina hayaƙi don a daidaita mai da iska: takan gaji da shekaru, kuma sau da yawa ana lalata wayarta lokacin da aka cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi.

A wannan matakin a nemi mai na'urar sikanin, kada a canja komai da ka. Lambar P0172 na nufin mai ya yi yawa a haɗin, P0171 na nufin iska ta yi yawa ko mai ya gaza, P0128 kuma na nufin injin ba ya kai zafin da ya kamata, wato maganar tamostat ɗin nan. A nemi ya nuna adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa mai. Idan ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa, akwai dalili. Kada a yarda a goge lamba a ce an gama, fitilar za ta dawo. Sai bayan haka ake maganar fulogi da nozul. A mota mai shan gas, baƙin hayaƙi idan an taka totur na nuna nozul na zubarwa, ko matata ta toshe, ko bututun tabo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ya tsage.

A duba littafin motar a ga kaurin baƙin man da kamfani ya rubuta. Zuba 20W-50 inda aka ce 5W-30 na ƙara wa injin nauyi. Man jarka na bakin hanya ba a san abin da aka gauraya masa ba, ba a kuma san cikar litarsa ba, don haka duk tankin da aka zuba shi a cire shi daga lissafi. Barin inji a kunne da na'urar sanyi ana jiran a gama taro a ƙofar hakimi na iya cin lita guda ko fiye a awa ɗaya, mita kuwa ba ta motsa ba, don haka a rubuta waɗannan awannin su ma a littafin mota.

Idan ana jin warin fetur a kusa da mota, wannan ba ya jiran jerin gwaji. A ajiye ta a kan busasshiyar ƙasa ta kwana, da safe a leƙa ƙarƙashin tanki da bututun da suka bi ta jikin shasi, inda duwatsu da kututture ke bugu. Idan an ga danshi ko ɗigo, kada a tayar da ita, kada kuma a ɗauki ma'aikata ko akwatin allurai a ciki sai an canja bututun.