Mene ne nikotin, kuma me yake yi wa mai zuƙar sigarin lantarki?

Tun da sigarin lantarkin nan da samari ke ce wa vape ya yawaita a hannun mutane, kalmar nikotin ma ta shiga baki. Wani ya ce maka guba ne tsantsa, wani kuma ya ce ai ba komai a ciki, tururi ne kawai mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a. Dukansu akwai abinda suka bari a baya.

Nikotin wani sinadari ne da ke cikin ganyen taba, kuma shi ne yake riƙe mashayi ya kasa dainawa. Idan mutum ya zuƙi taba, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadarin jin daɗi da ake kira dofamin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya ɗan hau. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, shi yasa zaka ga mashayi ya fara hamma, ransa na ɓaci ba dalili, yana laluben aljihu. Wannan "natsuwar" da suke cewa suna samu in sun zuƙa, mafi yawanta ƙishirwar da nikotin ɗin da kansa ya haddasa ce ake kashewa, ba wai ya yaye damuwar da ke ran mutum bane.

Amma fa a nan ne mutane da yawa basu gane ba. Ba nikotin ne babban mai kashe masu shan taba ba, hayaƙin ne. In aka cinna wa ganyen wuta yana fitar da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo cutar kansa, ga kwaltar da ke manne wa huhu, ga iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iska mai kyau. Tun 1976 wani likita a Ingila, Michael Russell, ya faɗi cewa mutane na shan taba ne don nikotin amma kwaltar ce ke kashe su. Sigarin lantarki na zamani, wanda wani masanin magunguna ɗan Sin mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro a 2003, ba ya ƙona komai. Batir ne ke ɗumama wata ƴar waya, ita kuma ta mayar da ruwan da ke ciki tururi, ruwan kuwa haɗin gilisarin ne da makamancinsa da kayan ƙamshi da nikotin.

To ina amfanin? Gaskiya akwai, amma ga mutum ɗaya tak, wato wanda taba ta riga ta kama kuma ya yi ta fama ya kasa bari. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, cikin waɗanda aka ba sigarin lantarki kashi 18 cikin 100 sun shekara basu taɓa taba ba, waɗanda kuma aka ba filastar nikotin ko cingam ɗinsa kusan kashi 10 ne suka iya. Wannan ba ƙaramin abu bane ga magidancin da ya kwashe shekaru yana tari da asuba. Sai dai a wannan gwajin, kusan 8 cikin 10 na waɗanda suka daina ta hanyar na lantarkin, shekara ta zagayo suna nan suna zuƙarsa, kenan hayaƙin suka rabu da shi ba nikotin ba. Wanda kuma ya haɗa biyun, na lantarki a ofis karan taba a majalisa da dare, wannan kusan bai tsira da komai ba. Ana kuma cewa nikotin na ƙara kaifin hankali na ɗan lokaci yana rage cin abinci, haka ne, amma wallahi bai kai mutum ya sayi jarabar da zata bi shi shekaru saboda wannan ba.

Abinda ya fi damuna shi ne yaran da ko karan taba basu taɓa riƙewa ba, ƴan sakandare da jami'a, har da ƴan mata, ana miƙa musu abu mai kama da biro ko filashin kwamfuta, launi mai kyau, ba warin da zai tona asiri a gida. Ƙwaƙwalwar ɗan adam bata gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin na taɓa sassan da ke kula da koyo da maida hankali da kame kai, sannan wanda ya fara da ƙuruciya shi ya fi shan wahalar dainawa, sabo turken wawa. Ga shi ƙarfin abin ba wasa bane. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka bata yarda nikotin ɗin da ke cikin ruwan ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ba, amma Juul, wani samfurin sigarin lantarki da ya taɓa cika makarantun Amurka, kashi 5 cikin 100 yake da shi, kusan ninki uku kenan, ɗan kwanson ruwansa ɗaya ya kai nikotin na kwalin taba guda. Ita taba karan na ƙarewa ka yar, shi wannan yana hannu ko a kan gado, sai yaro ya yini yana zuƙa bai san adadin da ya sha ba. Indiya ta haramta sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019, Birtaniya kuma ta hana sayar da irin na sha-ka-yar daga 1 ga Yuni 2025.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya sani nikotin na matse jijiyoyin jini, don haka kafin ya koma wa na lantarki da sunan daina taba ya fara ganin likita. Mace mai juna biyu kuma nikotin na ratsawa har ga ɗan da ke cikinta, yana iya taɓa ginin ƙwaƙwalwarsa da huhunsa. Kuma dan Allah duk mai kwalbar ruwan nan a gida ya ɗaga ta sama ya kulle, ƙamshin alawa take yi, ƙaramin yaro in ya kurɓa zai iya fara amai da zufa da jijjiga, kuma an samu yaran da suka rasu ta haka. In hakan ta faru kar a tsaya ba shi madara ko manja, a ɗauki yaron da kwalbar a wuce asibiti nan take.