Tsohon soja da lafiyar zuciya: me ya kamata ya shiga kwanonsa?

Mutumin da ya shekara talatin yana fareti, me zai haɗa shi da ciwon zuciya?

Fareti kan ƙare ranar ritaya, amma cin abincin bariki ba ya ƙarewa. Sai teɓa ta fito, jini ya hau, suga ya biyo baya. Ga kuma shekaru: waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun haura saba'in, 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya a 1990 ma yawancinsu furfura ta kama su. Wasu sun dawo da tabar da suka koya a bakin daga, wasu da firgici da rashin barci, kuma binciken da aka yi kan tsoffin sojojin Amurka ya nuna irin wannan firgicin na tafiya da ƙarin haɗarin ciwon zuciya.

A abinci, me ya fi cutarwa?

Gishiri, a ganina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dubi tukunyar miya: an zuba gishiri, an murje dunƙule uku ko huɗu, an jefa kanwa, ita ma da sinadarin sodiyam irin na gishiri a cikinta. Da yamma Baba ya aika a sayo tsire, a barbaɗe shi da yajin da aka daka da gishiri da dunƙule. Duk wannan kan jijiyoyin jini yake sauka. Bayansa sai kitse, man shanu, soye-soye da lemon kwalba.

To me zai ci, ga fansho ba ya isa?

Wake, tuwon dawa ko na gero, zogale, alayyafo, kuɓewa, kifi, da gyaɗa marar gishiri. Daddawa da tafarnuwa da citta na gyara miya idan an rage dunƙule. Mai ciwon ƙoda dai ya tambayi likita tukuna, don ba kowane ganye ne ya dace da shi ba.

Gyaran abinci zai iya maye gurbin magani?

A'a. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, don haka a riƙa awo. Idan ya tsaya a 140/90 ko sama, a ga likita, kuma kada a daina magani don an ji sauƙi. Nauyi a ƙirji da ke yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, asibiti ake kai shi nan take, ba a jiran gari ya waye.