Jar Sanarwar Interpol da Tisa Ƙeyar 'Yan Maroko: Hanyoyin Kariya a Shari'a

Jar sanarwa takarda ce da hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wato Interpol, ke yaɗa wa ƙasashe 196 da ke cikinta bisa roƙon wata ƙasa, a nemo inda wani mutum yake, a tsare shi na wucin gadi kafin a yanke shawarar miƙa shi. Tisa ƙeya kuwa ita ce miƙawar kanta, daga ƙasar da aka kama mutum zuwa ƙasar da ke nemansa don ya fuskanci shari'a ko ya yi zaman hukuncin da aka yanke masa. Batun ya shafi 'yan Maroko ƙwarai, domin kimanin miliyan biyar daga cikinsu suna zaune a ƙetare, mafi yawa a Faransa, Sifaniya, Italiya, Beljiyam da Holan, kuma da yawansu suna riƙe da fasfo biyu.

Mutane kan haɗa sanarwar da tisa ƙeyar su ɗauke su abu guda, alhali shari'o'i biyu ne, kowace da zaurenta. Ta farko ana yin ta a rubuce a birnin Liyon na Faransa, inda hedikwatar Interpol take. Ta biyu ana yin ta gaban alƙalan ƙasar da aka kama mutum. Wanda ya ci ɗaya ba lallai ne ya ci ɗayar ba.

Matsayin sanarwar

Interpol ba ta da jami'an da ke kama mutane, kuma jar sanarwa ba sammacin kamu na duniya ba ce. Tana dogara ne a kan sammaci ko hukuncin kotun ƙasar da ta nema, sannan kowace ƙasa ita ke yanke irin nauyin da za ta ba ta. Kaɗan ne daga cikin sanarwowin ake bugawa a shafin intanet na hukumar, shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin ana nemansu sai jami'in shige da fice ya riƙe fasfonsu a filin jirgin sama. Akwai kuma saƙon neman mutum da ofishin wata ƙasa ke aika wa ƙasashen da ya zaɓa kai tsaye ta hanyar sadarwar Interpol. Illarsa ga matafiyi kusan ɗaya ce da ta jar sanarwa.

Dokokin hukumar sun sa sharaɗi. Laifin ya kasance babba, wanda hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 2 ko fiye, ko kuma mutum yana da aƙalla wata 6 na zaman gidan yari a kansa. Rikicin iyali, saɓanin kasuwanci tsakanin mutane da karya ƙa'idojin gudanarwa ba sa cikin abin da ake fitar wa jar sanarwa, sai idan suna da alaƙa da babban laifi. Sashe na 3 na kundin tsarin Interpol ya haramta mata sa hannu cikin duk abin da ke da launin siyasa, soja, addini ko ƙabilanci, sashe na 2 kuma ya ɗaure aikinta da sanarwar duniya kan haƙƙin ɗan Adam. A kan waɗannan sassa biyu lauyoyi suka fi kafa hujja.

Maroko ta shiga Interpol a 1957, ofishinta na hulɗa da hukumar yana Rabat ƙarƙashin babbar rundunar 'yan sandan ƙasar. Ta karɓi baƙuncin babban taron hukumar a Marakesh a 2007 da kuma a watan Nuwamba 2025, sannan a 2024 an zaɓi shugaban sashen binciken manyan laifukanta, Mohamed Dkhissi, mataimakin shugaban Interpol mai wakiltar Afirka.

Ƙara a gaban hukumar CCF

Ba a kai Interpol ƙara a kotunan ƙasashe cikin sauƙi, saboda haka mai koke yakan nufi hukumar da ke sa ido kan bayanan Interpol, wadda aka fi sani da CCF. Tun da sabuwar dokarta ta fara aiki a watan Maris 2017, hukuncin da sashen karɓar koke-kokenta ya yanke ya zama wajibi a kan Interpol. Ba a biyan kuɗi, ba dole ne a ɗauki lauya ba, kuma ana iya rubutu da Larabci, Faransanci, Ingilishi ko Sifaniyanci, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan Maroko.

Roƙo iri biyu ne. Akwai na neman sanin ko sunan mutum yana cikin rumbun bayanai, wanda ake amsawa cikin wata 4 daga ranar da aka amince koken ya cika sharaɗi. Akwai na neman gyara ko sharewa, mai wa'adin wata 9, kodayake ana iya ƙara lokaci. Kafin hukunci CCF tana da ikon toshe bayanin na ɗan lokaci yadda 'yan sandan ƙasashe ba za su gan shi ba. Ita ba kotun laifi ba ce, ba ta tambaya ko mutum ya aikata ko bai aikata ba. Abin da take dubawa shi ne ko ajiye sunansa ya dace da dokokin Interpol. Mai koken da ya cika takarda da rantsuwar cewa shi mai gaskiya ne ya ɓata tawadarsa. Abin da ke tasiri shi ne takardu: hukuncin wata kotu da ta riga ta ƙi miƙa shi, shaidar cewa shari'ar ta taso ne bayan ya soki hukuma, yarjejeniyar da ke nuna rikicin na bashi ne, ko takardar mafaka. Wanda wata ƙasa ta ba mafaka saboda tsoron ƙasarsa, ƙa'idar Interpol ita ce a share sanarwar da ƙasar tasa ta nema a kansa.

Rauni mafi girma a tsarin shi ne ƙasar da ta nemi sanarwar tana iya hana a nuna wa mai koke bayanan da ta bayar, sai ya zama yana mayar da martani ga tuhumar da bai gani ba. Babu ɗaukaka ƙara. Sai dai neman a sake duba hukunci idan sabuwar hujja ta fito.

Idan Maroko ce ke nema

Maroko tana da yarjejeniyar miƙa masu laifi da Faransa, wadda aka sa wa hannu a Rabat a 2008, da Sifaniya a 2009, da Birtaniya a 2013, da Holan a watan Disamba 2023. Kotun ƙasar da aka kama mutum ita ke fara duba roƙon, gwamnati ta yanke hukuncin ƙarshe.

Hujjar farko ita ce laifin ya kasance laifi a ƙasashen biyu. Dokar hukunta laifuka ta Maroko ta ƙunshi abubuwan da ba su da takwara a yawancin Turai: saduwa ba aure a sashe na 490, cin abinci a bainar jama'a da rana a watan azumi ga wanda aka san Musulmi ne a sashe na 222, da cin zarafin addinin Musulunci ko sarauta ko tunzura jama'a kan haɗin kan ƙasa a sashe na 267-5. Irin waɗannan ba sa tsallake wannan sharaɗi. Sai kuma ƙarewar wa'adin tuhuma, da haramcin hukunta mutum sau biyu kan abu ɗaya, da hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum, inda kotunan Turai kan nemi tabbacin za a sake sauraron shari'ar yana nan. Idan an miƙa shi, ba a halatta a yi masa shari'a kan wani tsohon laifi dabam da wanda aka ambata a roƙon ba. Hukuncin kisa yana nan a dokar Maroko, amma rabon da a zartar da shi tun 1993, kuma a Disamba 2024 ƙasar ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan dakatar da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka ƙasashen Turai suna neman alƙawarin ba za a zartar ba.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun azabtarwa. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta kafa tun shari'ar Soering a 1989 cewa ƙasa ba za ta miƙa mutum inda akwai haƙiƙanin haɗarin a gallaza masa ba. Ta yi amfani da wannan a kan Maroko a shari'ar Rafaa da Faransa a 2013 da ta Ouabour da Beljiyam a 2015, dukansu masu alaƙa da tuhumar ta'addanci. Sai dai a 2018, a wata shari'a da ta shafi Holan, kotun ta ce al'amura sun gyaru a Maroko, zargin ta'addanci kaɗai bai isa ya hana mayar da mutum ba, sai ya nuna haɗarin da ke kansa shi kansa. Maroko tana kafa hujja da sashe na 22 na kundin tsarin mulkinta na 2011 da ya haramta azabtarwa, da shigarta yarjejeniyar duba wuraren tsare mutane a 2014.

Shari'ar Ali Aarrass ita ce aka fi ambata. Ɗan Beljiyam ne kuma ɗan Maroko, aka kama shi a Melilla, birnin Sifaniya da ke gaɓar arewacin Afirka, a 2008. Sifaniya ta miƙa shi a Disamba 2010 duk da kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a dakata. An yanke masa shekara 15, aka rage zuwa 12 a ɗaukaka ƙara. A 2014 kwamitin ya ce Sifaniya ta saɓa wa alhakinta, kwamitin Majalisar mai yaƙi da azabtarwa kuma ya ɗora wa Maroko laifi. Bai fito ba sai a Afrilu 2020. Beljiyam ta daɗe tana ƙin ba shi taimakon jakadanci, a cewarta ɗan Maroko ne a ƙasar Maroko. Shekaru bayan miƙa shi, a 2016, kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Petruhhin cewa ƙasar da ta kama ɗan wata ƙasar Tarayyar sai ta sanar da ƙasarsa, ta ba ta damar karɓarsa, kafin ta miƙa shi waje.

Sakamako yana bambanta bisa irin tuhumar. A 2017, lokacin zanga-zangar yankin Rif na arewacin Maroko, Maroko ta janye jakadanta daga Holan kan neman tsohon ɗan majalisa Said Chaou bisa zargin safarar miyagun ƙwayoyi. A 2018 kotu a Holan ta ƙi amincewa, saboda fargabar cewa an samo wasu shaidun ta hanyar azabtarwa. Shi kuwa Mohamed Boudrika, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Raja Kasabalanka kuma tsohon ɗan majalisa, an kama shi a filin jirgin saman Hamburg a Yuli 2024 kan tuhume-tuhumen kuɗi, ciki har da ba da cek marar kuɗi, Jamus ta miƙa shi a Afrilu 2025.

Idan a Maroko aka kama mutum

Sashe na 721 na dokar tsarin shari'ar laifuka ya hana Maroko miƙa ɗan ƙasarta, kuma ana duba ko ɗan ƙasa ne a lokacin da aka aikata laifin. Zama ɗan ƙasa yana bin jini ta uba, tun 2007 kuma ta uwa ma, saboda haka wanda aka haifa a Amsterdam ko Marseille, bai taɓa zama a Maroko ba, yana iya shiga ƙarƙashin wannan kariya. Amma dokar ta ba kotunan Maroko ikon hukunta ɗan ƙasa kan laifin da ya aikata a waje. Lee Murray, ɗan damben Birtaniya wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, ya gudu can bayan fashin fam miliyan 53 a ma'ajiyar kuɗi ta Tonbridge a 2006. Maroko ta ƙi miƙa shi, ta yi masa shari'a da kanta, a 2010 aka ɗaure shi shekara 10, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 25. Ya guje wa gara ya faɗa gidan zago.

Baƙo ba shi da wannan garkuwa. Sashen manyan laifuka na Kotun Ƙoli da ke Rabat shi ke duba roƙon: idan ya ƙi, magana ta ƙare, idan ya amince, sai shugaban gwamnati ya sa hannu a takardar umarni. Rashin yarjejeniya ba ya hana miƙawa. Babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin Maroko da Amurka, amma an miƙa mata Bafaranshe Sébastien Raoult a Janairu 2023 bisa zargin kutsen kwamfuta. Mafita ta ƙarshe ga wanda ke tsoron azabtarwa ita ce kwamitin yaƙi da azabtarwa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Maroko ta amince tun 2006 ya riƙa karɓar koken ɗaiɗaikun mutane, kuma yana iya neman a dakatar da miƙawa.

Idris Hasan, ɗan ƙabilar Uighur ta ƙasar Sin, an kama shi a filin jirgin saman Kasabalanka a Yuli 2021 bisa jar sanarwar da Sin ta nema. Cikin 'yan makonni Interpol ta soke sanarwar, amma Kotun Ƙoli ta amince da miƙa shi a ranar 15 ga Disamba 2021, domin roƙon Sin yana tsaye da ƙafarsa ba tare da Interpol ba. Sa bakin kwamitin yaƙi da azabtarwa ne ya hana a sa shi a jirgi, ya ci gaba da zama a kurkukun Tiflet fiye da shekara uku da rabi, sai a Fabrairu 2025 aka sake shi ya tafi Amurka.

Abin da sharewa ba ta kawarwa

Share jar sanarwa ba ya soke sammacin da ke ƙasar asali, kuma ƙasashen da suka riga suka kwafi bayanin cikin rumbunansu ba duka ke goge shi nan take ba. Shi ya sa lauyoyi kan nemi takardar shaida daga CCF wadda mutum zai riƙe idan zai yi tafiya. Bankuna ma kan rufe asusun wanda sunansa ya taɓa fitowa. Sannan akwai wata hanya da ba ta biyo ta Liyon ko kaɗan: majalisar ministocin cikin gida na ƙasashen Larabawa, mai hedikwata a Tunis, tana yaɗa nata sammacin tsakanin mambobinta, ana kuma miƙa mutane bisa yarjejeniyar Riyad ta 1983 kan haɗin kan shari'a tsakanin ƙasashen Larabawa. CCF ba ta da hurumi a kanta. Ta wannan hanya aka kama ɗan Saudiyya Hassan al-Rabea a filin jirgin saman Marakesh a Janairu 2023, aka miƙa shi Saudiyya a watan Fabrairu.