Ma'anar summer savory a girkin Turawa

Mai karanta bayanan girkin Turawa yakan ci karo da kalmar summer savory a jerin kayan ƙamshi, kuma yana iya ɗaukar ta a matsayin siffar abinci mai ɗanɗano, domin a Turanci akwai wata kalma mai kama da ita da ke ɗauke da wannan ma'ana. A nan kuwa sunan tsiro ne, wanda masana ilimin tsirrai ke kira Satureja hortensis, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin satureia. Dangin na'ana'a ne da daddoya, asalinsa daga gabashin tekun Bahar Rum da yankin Baƙin Teku. An daɗe ana nomansa, har ya shiga jerin tsirran da Sarki Shalaman (Charlemagne), wanda ya mulki yawancin yammacin Turai, ya ba da umurni a shuka a gonakin masarautarsa wajen shekara ta 800.

Kashin farko na sunan, wato summer, wanda ke nufin lokacin zafi a Turai, yana nuni ne ga tsawon rayuwar tsiron. Ana shuka shi bayan sanyi ya wuce, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu da zuwan hunturu, wato bai wuce shekara guda. Da haka ake bambanta shi da ɗan'uwansa Satureja montana, mai jure sanyi ya yi shekaru, wanda ganyensa ya fi kauri da zafi a baki. Masu girki sun fi son na shekara guda saboda ɗanɗanonsa ya fi laushi.

Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar na alayyafo, kuma yana buƙatar haske kafin ya tsiro, shi ya sa ake barbaɗa shi a saman ƙasa a danna da tafin hannu maimakon a binne shi. Cikin mako biyu zuwa uku yake fitowa, sai a rage masu cunkoso a bar tazarar kusan santimita 15. Yana son rana da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, kuma yawan taki yakan ƙara masa ganye ya rage masa ƙamshi. Tsayinsa yakan kai santimita 30 zuwa 45, amma karansa siriri ne, iska tana kwantar da shi idan ba a tara masa ƙasa a gindi ba. Lokacin da ya fi dacewa da yanka shi ne dab da furanninsa farare ko masu ruwan hoda su buɗe. Sai a ɗaure shi ƙulli-ƙulli a rataye a inuwa, idan ya bushe a murtsuke ganyen a zuba a kwalba.

Ƙamshin nasa daga wani mai ne da ke cikin ganyen, wanda sinadarin carvacrol ya fi yawa a cikinsa, kuma shi ke sa a ji ɗan yaji-yaji kamar na masoro. Jamusawa suna kiransa Bohnenkraut, wato ganyen dafa wake, domin da shi suke dafa wake, ɗanye ko busasshe, kuma sun yi imani yana rage kumburin cikin da wake kan jawo. A Bulgeriya sunansa chubritsa, kuma ana haɗa garinsa da gishiri da garin jan tattasai a ajiye a kan teburi ana barbaɗawa a burodi, kusan yadda ake ajiye yaji a gefen abinci a wurinmu. Faransawa suna saka shi a haɗin ganyayen ƙamshi na yankin Provence da ke kudancin ƙasarsu, mutanen gabashin Kanada kuwa da shi suke ƙamsasa burodin da ake cusawa a cikin talo-talo kafin a gasa.

Wanda bai same shi ba, abin da ya fi kusa da shi a kasuwanninmu shi ne tayim ɗin da ake sayarwa tare da kori, musamman idan aka ƙara masa ɗan masoro. Busasshen ganyen ya fi ɗanye ƙarfi, don haka ƙaramin cokali guda ya ishi tukunyar wake.